MANUWA BA TA HAWA TUDU

Ya ku 'yan'uwa na rassanmu na Magariya da Dungas, da na Bande, da Waca, da Sassumburum, da Yekuwa, da Malawa, da Dogo-Dogo.

Tun daga shekarar 2022 da babban jirgin yaƙin Rasha mai suna Moskva ya nutse a Bahar Aswad, sa'an nan a 2023 aka shiga harbin jirage a Bahar Maliya, magana iri biyu muke ji a rumfunan kasuwa. Wasu suna cewa ina ruwanmu da manuwa, mu da ba mu da teku, ba mu da ko kogin da kwalekwale zai bi, sai tafki da korama? Wasu kuwa tafi suke yi, suna cewa ai zamanin manya ya ƙare, duk ƙaramin da ya sami makami mai linzami ya gama da su. Mu dai mun ce duka biyun sun yi kure. Za mu nuna dalili da labarin Ikko, domin shi ne mafi kusa da mu, kuma a cikinsa akwai jinin mutanenmu.

YADDA MANUWA TA ZAMA DODO

Manuwa ita ce jirgin ruwa na yaƙi. Da ita 'yan mulkin mallaka suka buɗe ƙofar ƙasashen bakin teku. Al'adarsu ita ce su kawo ta gaban gari su tsayar, su aika wa sarki takarda, su ba shi wa'adi. In ya sa hannu, to. In ya ƙi, su yi wa garin ruwan wuta. Haka Ingilishi suka yi wa Iskandariya ta Masar ran 11 ga Yuli 1882, suka ragargaza ganuwoyin da sojan Ahmad Urabi ke tsare da su. Haka suka yi wa fadar Zanzibar ran 27 ga Agusta 1896, yaƙin bai kai ko sa'a guda ba aka gama. Irin wannan labari ne aka yi ta cusa wa mutane, har ya zauna a zukata cewa wanda ke kan tudu ba shi da dabara sai ya durƙusa.

Amma ba dukkan labarin aka faɗa mana ba.

IKKO, 1851

Ikko tsibiri ne a cikin wani babban tafki mai haɗe da teku. A bakin mashigar akwai tudun rairayi ƙarƙashin ruwa, saboda haka manyan manuwoyi ba su iya shiga, sai su tsaya waje su tura ƙananan jirage masu tururi da kwalekwale. A 1845 Kosoko ya kori ɗan'uwansa na gidan sarauta, Akitoye, ya hau gadon. Akitoye ya yi ta yawo har ya sauka Badagiri, daga nan ya nemi Ingilishi su mai da shi, ya yi musu alkawarin zai hana cinikin bayi. Ƙaramin jakadansu, John Beecroft, ya ga ƙofa ta samu.

Ran 25 ga Nuwamba 1851 Beecroft ya shiga tafkin da jirgi mai suna Bloodhound, da mutum wajen 300 cikin kwalekwale. Suna zato gari zai watse da ganinsu. Ba su yi nisa ba Bloodhound ta kafe kan rairayi, mutanen Kosoko suka buɗe musu wuta daga gaɓa. Suka sauka suka ƙone wasu gidaje, suka ga ba dama, suka koma da gawar hafsoshinsu biyu da masu rauni. Gari ya kori manuwa.

Kosoko ya san za su komo. Babban sarkin yaƙinsa shi ne Oshodi Tapa, watau Banufe, domin Tapa shi ne sunan da Yarbawa ke kiran Nufawa. Aka haƙa gwalalo a bakin gaɓa, aka tara ƙasa, aka kafa itatuwan kwakwa cikin ruwa don kada kwalekwale ya kai tudu, aka jera igwa a wuraren da jirgi ba shi da hanya sai ya wuce ta gabansu.

Ran 26 ga Disamba Ingilishi suka komo da shiri, da Bloodhound da wani jirgi mai suna Teazer, da kwalekwale masu ɗauke da igwa, Akitoye yana tare da su. Teazer ta kafe daidai bakin igwar gari. Jirgin da ya kafe kuwa ya zama bango, duk mai harbi sai ya same shi. Kyaftin Lyster ya ga ko dai ya ƙone jirgin ya gudu, ko ya sauka tudu ya kashe bindigogin da ke dukansa. Ya sauka da mutanensa, suka toshe kafar igwa da ƙusa, amma kafin su koma kwalekwalensu an zubar da da yawa daga cikinsu. Rana ta faɗi gari bai faɗi ba.

Kashegari, ran 27, aka juya. Ingilishi suka daina neman sauka, suka tsaya daga nesa suna jefa roka cikin gari. Ɗaya ta faɗa rumbun albarushin Kosoko, ya tashi gaba ɗaya, wuta ta bi gidajen ciyawa. Igwa ba albarushi ƙarfe ne kawai. Kosoko da mutanensa suka fita ta ruwa zuwa Epe. Ingilishi suka ƙirga nasu, mutum 15 sun mutu, 75 sun yi rauni. Aka ɗora Akitoye, ran 1 ga Janairu 1852 ya sa hannu a takardarsu cikin manuwa mai suna Penelope. Ba a cika shekara goma ba, ran 6 ga Agusta 1861, ɗansa Dosunmu ya sa hannu a wata takardar ta ba da Ikko ɗungum, manuwa mai suna Prometheus tana tsaye cikin tafki tana kallonsa.

Kada wani ya ji wannan ya ce muna yi wa Kosoko kirari. Igwarsa da albarushinsa da kuɗin bayi ya saya. Cikin waɗanda aka ɗora a jirgi daga Ikko zuwa Bahiya ta ƙasar Barazil akwai Hausawa masu yawa, har suka yi ta tayar da bore a can tun daga 1807. Wanda ya sayar da ɗan'uwanmu ba gwarzonmu ba ne. Abin da muke so a lura da shi shi ne yadda yaƙin ya gudana. Sau biyu tudu ya tsai da jirgi, kuma abu biyu suka kā da tudu: albarushi da aka tara wuri guda, da ɗan gida da ke zaune cikin jirgin baƙo. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Akwai na uku, shi ne mai ciwo. Manuwa tana iya ƙone gari, amma ba ta karɓar haraji, ba ta tsaron kasuwa, ba ta bin mutum daji. Wannan sai da ƙafa. Saboda haka a 1863 Glover ya tara Hausawan da suka kuɓuta daga bauta a Ikko ya ba su bindiga, aka riƙa kiransu Hausawan Glover. Daga irin wannan runduna aka gina sojan da suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Mu ma nan Damagaram, Faransawan da suka shiga Zinder a 1899 bayan yaƙin Tirmini 'yan kaɗan ne, mafi yawan masu riƙe da bindigar baƙaƙen fata ne. Jirgi ya tsaya a ruwa, ƙafar 'yan ƙasa ce ta kawo mulkin mallaka har ƙofar gidanmu.

DAKAR, 1940

Masu cewa ina ruwanmu, ga amsarku. A 1940 Jamus ta ci Faransa. Gwamnatin Vichy ta sallama, Janar de Gaulle ya ƙi, ya koma London. Cadi, a ƙarƙashin Gwamna Félix Éboué, ta bi de Gaulle cikin watan Agusta. Saura Dakar, inda babban gwamnan Afirka ta Yamma ta Faransa, Pierre Boisson, yake zaune, ƙasarmu kuwa a ƙarƙashinsa take.

Ran 23 ga Satumba de Gaulle ya iso gaban Dakar tare da rundunar Ingilishi, da manyan manuwoyi biyu, Barham da Resolution, da Ark Royal mai ɗauke da jiragen sama, da wasu da dama. Hazo ya rufe teku, tilas suka matso kusa don su ga abin da za su harba. Matsowar nan ita igwar tsibirin Gore da ta Kap Manuwel ke jira. A ranar farko harsashi ya sami jirgi mai suna Cumberland, ya fita daga yaƙin. Aka yi ƙoƙarin sauke soja a Rufisk, aka kasa. Manuwar Faransa mai suna Richelieu, wadda ke ɗaure a tasha, ta yi ta harbi daga inda take kamar ganuwa. Ran 25 wani jirgin ƙarƙashin ruwa ya fasa cikin Resolution, sai ja aka yi da ita zuwa Firitawun. Rundunar ta juya ta tafi.

To, me ya biyo baya? Afirka ta Yamma ta Faransa ta zauna hannun Vichy har watan Nuwamba 1942. Iyakar nan da ke tsakaninmu da Daura da Ɓaɓura da Maigatari ta zama iyaka tsakanin gwamnatoci biyu masu gaba, alhali uwa tana wannan gefe ɗiyarta tana aure a wancan. Harbin kwana uku a wani gari da mafi yawan kakanninmu ba su taɓa gani ba, shi ya yanke wanda zai mulki Magariya da Dungas shekara biyu. A lura kuma, masu jirgin da masu igwar duka 'yan mulkin mallaka ne, harsashin da ya wuce ganuwa kuwa cikin unguwannin talakawan Dakar ya faɗa.

ME YA SA TUDU KE FIN ƘARFIN JIRGI

Dalilan ba su da wuya, duk wanda ya taɓa farauta zai gane su.

Teku shimfiɗe take, ba dutse, ba kurmi, ba kwari. Jirgi mai tsawon taki ɗari biyu ba shi da inda zai laɓe. Mai igwa a tudu kuwa yana bayan tarin ƙasa, ko cikin itatuwa, ko cikin kogo. Shi yana ganin jirgi, jirgi sai ya yi ta neman hayaƙinsa.

Ƙasa tana shanye harsashi. In an rushe ganuwa da rana, a tara ta da dare. Jirgi kuwa rami ɗaya ƙarƙashin layin ruwa ya isa. Ga shi kuma mai, da albarushi, da injin, da mutane, duk cikin tukunya guda suke. Wuta in ta tashi ba inda za a gudu.

Kusa da gaɓa ruwa ba zurfi, ga mashigai ƙunci, jirgi ba ya iya juyawa yadda yake so. Abin da ya kama Bloodhound da Teazer ke nan. Shi ne kuma ya kama rundunar Ingila da Faransa a mashigar Dardanel ta Turkiyya ran 18 ga Maris 1915. Turkawa sun dasa nakiya cikin ruwa, igwarsu ta tudu ta hana a kwashe, manyan manuwoyi uku suka nutse a yini ɗaya. Ta Faransa mai suna Bouvet ta tafi da mutum fiye da 600 cikin 'yan mintoci. Da jirage suka kasa, sai aka koma neman sojan ƙafa, har da 'yan Afirka ta Yamma da Faransa ta ɗebo.

Sa'an nan abin da jirgi ya ɗauko shi ke gare shi. In makamansa suka ƙare sai ya koma tasha, tafiyar kwanaki. Na tudu gidansa yana bayansa.

Amma tudu ma yana da lagonsa. Igwar da aka kafa wuri guda, da zarar an san inda take, kwananta ya ƙare, ko daga jirgin sama, ko a zagayo ta baya ta ƙasa. Iskandariya da Zanzibar shaida ne. Saboda haka dabarar zamani ita ce a ɗora makamin kan mota.

ZAMANIN MAKAMI MAI LINZAMI

Igwar Kosoko sai jirgi ya zo gabanta. Makami mai linzami shi ke bin jirgi. Ana harba shi daga bayan mota, motar ta bar wurin nan take. Yana tafiya ƙasa-ƙasa, 'yan taki kaɗan bisa ruwa, da gudun kilomita wajen 900 a sa'a guda. Daga Magariya zuwa Zinder, kamar kilomita 90, minti 6 ke nan. A hancinsa akwai na'urar da ke neman ƙarfen jirgi da kanta.

Manuwa tana da na'urar hange da ake kira rada. Amma duniya a dunƙule take kamar ƙwarya a kife, abin da ke tafe dab da ruwa ba ya bayyana sai ya zo kamar kilomita 30. Daga ganinsa zuwa isowarsa minti biyu ne, ko ƙasa da haka. Cikin minti biyun nan sai an gane shi, an yanke shawara, an harba abin tare shi, kuma an same shi. In biyu ko huɗu suka zo tare daga fuska dabam dabam, aiki ya ƙaru. In mai tsaro ya yi gyangyaɗi, shi ke nan.

Ga misalai uku. Ran 12 ga Yuni 1982, a yaƙin tsibiran Fokland, sojan Ajantina suka ciro makami ƙirar Exocet daga wani jirginsu, suka ɗaura shi kan tirela a bakin gaɓa, suka sami manuwar Ingila mai suna Glamorgan, mutum fiye da 10 suka mutu. Ran 14 ga Yuli 2006 'yan Hizbullah suka harba makami daga gaɓar Labanan suka sami jirgin Isra'ila mai suna Hanit, mutum 4 suka mutu, daga baya aka gane na'urar tare makamai ta jirgin a kashe take, don ba su zaci abokan gabansu suna da irinsa ba. Ran 13 ga Afrilu 2022 aka sami Moskva, uwar jiragen Rasha a Bahar Aswad, mai tsawon mita 186, kashegari ta nutse. Yukiren ta ce da makamanta biyu ƙirar Neptune ta harbe ta daga tudu, Rasha ta ce gobara ce ta tashi cikin makamanta. Neptune ɗin nan yana cin kilomita wajen 280, ya fi nisan Zinder zuwa Kano. Bayan nan manuwoyin Rasha suka ja da baya daga gaɓar Odesa.

Masu tafi su tsaya tukuna. Ajantina ta sami Glamorgan ran 12, ta miƙa wuya ran 14. Makamin nata na Faransa ne, da yaƙi ya tashi Faransa ta tsai da kawo mata. Wanda ya sayar maka da takobi yana iya hana ka kube. Yukiren kuwa ita ta ƙera Neptune a masana'antarta, da injiniyoyinta da ta koyar shekara da shekaru. Bambancin ke nan.

Mu ma mun taɓa sanin wannan. Sarkin Damagaram Tanimu ya sa an zuba igwa a Zinder, da maƙeran gari, ana kuma haɗa albarushi a gida, har ƙasashen Sosebaki, da Dungas da Waca, suka ji ƙarfinsa. Amma ilmin ya tsaya inda ya tsaya, Turai ta ci gaba, da aka zo Tirmini bindigar Faransawa mai saurin ɗuri ta fi ƙarfinmu. Makamin jiya ba ya tsare gidan gobe in ba a ci gaba da karatu ba.

WA KE BIYAN KUƊIN

Yanzu mu zo Bahar Maliya, tekun da alhazanmu na dā suka riƙa ƙetarewa daga Sawakin da Fot Sudan zuwa Jidda bayan tafiyar shekaru a ƙasa. A kudancinta akwai mashigar Babul Mandab, faɗinta kilomita wajen 30, duk jirgin da zai bi ta Suwez tsakanin Asiya da Turai sai ya ratsa ta. Daga Nuwamba 2023 'yan Huthi na Yaman suka shiga kai wa jirage hari daga tudu, suka ce domin yaƙin Gaza ne. Amurka da Ingila da wasu suka kawo manuwoyinsu.

Me ya faru? Manuwoyin sun kare kansu, sun kakkaɓo makamai da yawa. Amma da tsada, domin sau da yawa makami na dala wajen miliyan 2 ake harbawa don a kā da jirgi maras matuƙi na dala 'yan dubbai. Kuma duk da ruwan bama-baman da aka yi wa Yaman, ba su iya buɗe hanyar yadda take dā ba, manyan kamfanonin jirage suka koma zagayawa ta ƙarshen Afirka ta Kudu, ƙarin kwana goma ko fi, ƙarin mai, ƙarin kuɗin inshora.

Waɗanda suka sha dukan kuwa jiragen kaya ne, marasa igwa. Rubymar, da aka harba a Fabrairu 2024 ta nutse ran 2 ga Maris, takin zamani ta ɗauko, tan wajen 21,000. Ran 6 ga Maris makami ya sami True Confidence ya kashe ma'aikata uku, biyu 'yan Filifin, ɗaya ɗan Biyetnam, leburori masu neman abin aika wa gida kamar 'yan ci-raninmu da ke Libiya da Aljeriya. Tsakanin 2024 da 2025 jiragen kaya huɗu suka nutse a wannan rikici. Na'urar da ke hancin makami ƙarfe take nema, ba ta tambayar abin da ke ciki.

To, riɗin da manomin Dungas ya kai Maigatari, ina yake zuwa? Kano, sa'an nan Ikko, sa'an nan jirgi zuwa Asiya. Takin da muke jira kafin damina, da alkamar burodi, da shinkafa, da magani, da kayan gyaran babur, ta ina suke zuwa? Ta Kwatano, da Lome, da Ikko. A 2022, da yaƙi ya toshe tashoshin Bahar Aswad, kowa ya ga yadda buhun taki ya hau, wanda ya saba sayen biyu ya koma sayen tiya. Duk ƙarin da mai jirgi ya biya, a kan kaya yake ɗorawa, ɗan kasuwar Kano ya ɗora wa na Magariya, na Magariya ya ɗora wa manomi. Manomi ba shi da wanda zai ɗora wa.

Kuma mun gani da idonmu, ƙasar da ba ta da teku ba a bukatar manuwa kafin a tsare ta. Daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024 da aka rufe iyakarmu da Nijeriya, ba wanda ya harba igwa, itace kawai aka gitta a hanya, amma kowace uwar gida ta ji a tukunyarta.

ABIN DA MUKE SO RASSA SU RIƘE

1. Kada girman makami ya firgita kowa. Duk shugaban da ya ce muku ba yadda za a yi sai a sa hannu, don masu takardar suna da manuwa, ku tuna masa da Ikko ran 25 ga Nuwamba 1851. Jirgi ƙarfe ne a kan ruwa, yana kafewa, yana ƙonewa, yana nutsewa.

2. Kada kuma nasarar yini ɗaya ta ruɗi kowa. Kosoko ya yi nasara sau biyu ya kwana a Epe. Wanda ya zo muku da zancen cewa sayen makami shi ne 'yanci, ku tambaye shi wa ya ƙera, wa zai gyara, wa zai kawo na biyu. In amsar duka baƙo ne, to, an sake ubangida ne kurum. Yaron da ke koyon lissafi a makarantar Bande, da yarinyar da aka bari ta gama karatunta a Yekuwa, da maƙerin da ya koyi walda, su ne masu zuba igwar gobe. Kowane reshe ya ƙirga yaran unguwarsa da ba su zuwa makaranta, ya bi iyayensu gida gida.

3. Rumbun albarushinmu shi ne hatsi da iri da taki. Kada a tara su hannu guda, kada a dogara ga hanya guda. Mu matsa wa hukuma ta riƙe hanyoyin teku fiye da ɗaya a buɗe, ta zauna lafiya da maƙwabtan da tashoshin ke hannunsu. Mu kuma a garuruwanmu mu rayar da rumbun tsimi, mu riƙe takin gida da muhimmanci, kada mu sayar da gero duka a kaka mu koma saye da tsada a bazara.

4. Kada mu yi murna da nutsewar jirgi sai mun san abin da ke cikinsa da waɗanda ke cikinsa. Wanda ya harbi manuwar da ta zo ƙona garinsa yana da hujja. Wanda ya harbi jirgin taki ya harbi gonarmu, ko da wane suna ya yi harbin.

5. Na ƙarshe shi ne mafi nauyi. Rikicin gida a gama shi a gida. Rikicin sarauta, da na gona tsakanin manomi da makiyayi, da na shugabancin reshe, duk wanda ya sha kaye ya yi haƙuri ya jira wani zagaye, kada ya tafi neman baƙo mai ƙarfi ya mai da shi. Akitoye ya sami gadonsa, ɗansa ya rasa garin. Kuma samarinmu da talauci ke kora su ɗauki bindigar wani don albashi, a zaunar da su a ba su labarin Hausawan Glover.

Sakataren kowane reshe ya karanta wannan takarda a taro da babbar murya, domin waɗanda ba su karatun boko su ji. A nemo taswira a nuna wa jama'a Ikko, da Dakar, da Babul Mandab, a bi da yatsa hanyar da buhun taki ke bi har ya iso Magariya. A tambayi dattawa abin da suka ji daga iyayensu game da iyaka a shekarun 1940 zuwa 1942, a rubuta, a aiko mana. In an gama, a miƙa takardar ga reshe na gaba, kada a ƙunshe ƙosai da ita.